Takardar yashi da bel: kowane aiki da irin nasa

Ranar da muka komo daga hutun damina, mun tarar teburori 6 na ajinmu sun lalace. Ruwa ya zubo ta wata ɓular kwanon rufi ya jiƙa katako, rana kuma ta busar da shi. Fuskar teburorin ta tashi, ta yi kaushi kamar bayan kada. In yaro ya aza takarda zai yi rubutu, sai alƙalami ya huda ta. Wata yarinya ta share teburinta da tafin hannu, sartse ya shige mata ƙarƙashin akaifa. Kwana 3 ba ta riƙe alƙalami ba.

Iyayen yara suka taru suka yi shawara. Sabon tebur yana da tsada, kuɗin da ke cikin asusu kuwa bai kai ba. Wani dattijo ya ƙwanƙwasa katakon ya ce: "Wannan da sauransa. Fuska ce kawai ta mutu, a goge ta."

Na je kasuwar Maraɗi ranar Litinin na sayo takardar yashi, wadda kafintoci suke ce ma samfefa. Na zaɓi wadda ta fi duka laushi, don ina tsammani ita ce za ta fi sa katako santsi. Na yi ta guga har hannuna ya gaji. Takarda ta toshe da gari, tebur yana nan yadda yake. Kashegari wani babban ɗalibi ya kawo tasa mai kaushi ƙwarai, ya gurza tebur a gicciye. Kaushin ya tafi, amma tebur ya cika da zane kamar an ja ƙaya a kansa.

Daga nan muka kira wani kafinta. Da ya ga aikinmu sai ya yi murmushi ya ce: "Malam, ba a aski da gatari, ba a kuma saran itace da aska." Abin da ya koya mana a wannan rana, da abin da muka bincika daga baya, shi ne darasinmu na yau.

1. Yaya yashi yake gyara itace?

Ku ɗauki takardar yashi ku duba ta a rana. Za ku ga abu 3: bayanta, wanda takarda ce ko ƙyalle, ƙwayoyi masu kaifi, da danƙon da ya riƙe ƙwayoyin. Kowace ƙwaya ƙaramar wuƙa ce. In an ja takardar bisa katako, dubban ƴan wuƙaƙe ne suke yankan sa gaba ɗaya. Garin da yake zubowa, shi ne abin da suka yanko.

Ke nan guga ba shafa ba ce, yanka ce. Babbar ƙwaya tana yanka da zurfi, tana ci da sauri, amma tana barin babban zane. Ƙaramar ƙwaya ba ta ci da yawa, zanenta kuwa ido ba ya ganin sa. Abin da muke kira santsi, zane ne wanda ya ƙanƙanta har hannu ya daina jin sa.

Akwai doka guda: abin guga sai ya fi abin da ake gogewa tauri. A shekarar 1812 wani masanin duwatsu Bajamushe, Friedrich Mohs, ya jera duwatsu daga 1 zuwa 10 bisa taurinsu. Wanda yake sama yana zana wanda yake ƙasa. Akaifar mutum tana wajen 2 da rabi. Kwalba tana wajen 5 da rabi. Ƙwayar yashin gulbi tana kan 7. Daimon ne a kan 10, babu dutsen da yake zana shi.

Mu gwada: ku zana alli da akaifa. Ya zanu? Ku zana kwalba da akaifa. Ta zanu? To, ku goga ma kwalbar yashi kaɗan, ku sake dubawa.

2. Kafin takarda ta zo

Kakanninmu sun san wannan doka tun ba a kawo takarda ba. Masassaƙi, irin waɗanda muke gani a Tsibirin Gobir da ƙauyukan da ke kewaye, yana fara turmi ko akushi da gatari. Sa'an nan ya ɗauki gizago. Daga baya ya kankare da wuƙa. Bai taɓa farawa da wuƙa ya ƙare da gatari ba. Maƙeri yana gyara bakin lauje da magagari, sa'an nan ya kai shi ga dutsen wasa. Maginan tukwane, irin na Jiratawa, suna lallaɓe tukunya da hannu da ruwa tun tana ɗanya. In ta sha iska, a ƙasar Hausa akan goge ta da dutse mai santsi ko da ƴaƴan kuka da aka shirya a zare, har ta yi ƙyalli. Akwai kuma wani irin ɓaure mai ganye da kaushi, wanda mutanen Afirka ta Yamma suka daɗe suna goge ƙwarya da kayan itace da shi.

Duka waɗannan masu sana'a hanyarsu ɗaya ce: mai ci da yawa a farko, mai ci kaɗan a ƙarshe.

Takardar yashi ma tsohuwa ce. An ba da labari cewa tun ƙarni na 13 mutanen Sin suna liƙa yashi da dakakken ɓawon katantanwa bisa fata da ƙaro. A shekarar 1833 wani mutum mai suna John Oakey ya fara sana'ar takardar dakakkiyar kwalba a birnin Landan. Har yau sunanta da Faransanci yana nufin takardar kwalba. A 1921 kamfanin 3M na Amurka ya fito da takarda wadda ruwa ba ya lalata ta. Yau sunan kawai ya rage: takardar kirki babu yashi ko kwalba a jikinta. Za mu ga abin da ke ciki nan gaba.

3. Lambar da ke baya

Ku juya takardar. A bayanta an buga lamba: 40, 60, 80, 120, 180, 240, har sama da 1000. Sau da yawa akwai harafin P gaban lambar. Wannan alama ce ta ma'aunin ƙasashen Turai.

Don mu gane lambar, mu tuna da uwayenmu wajen tankaɗe. In an daka gero aka zuba a rariya, gari ya wuce, tsaki ya tsaya. Rariya mai manyan ƙofofi tana barin tsaki ya wuce. Mai ƙananan ƙofofi, gari kaɗai take bari.

Haka ake tankaɗe ƙwayoyin takardar yashi. Lambar tana nuna kimanin yawan ƙofofin rariya da ke jere cikin inci 1, watau santimetir 2,54. In ƙofofi 40 ne cikin inci, kowace ƙofa babba ce, ƙwayar ma babba ce. In 180 ne, ƙofofin ƙanana ne ƙwarai. Saboda haka:

Ƙaramar lamba, babbar ƙwaya, takarda mai kaushi.
Babbar lamba, ƙaramar ƙwaya, takarda mai laushi.

Ƙwayar P40 ta kai wajen milimetir 0,4. Ta P80 rabin wannan ce, wajen milimetir 0,2. Ta P220 ba ta wuce kaurin gashin kai ba. Waɗanda suka fi haka ƙanƙanta rariya ba ta iya raba su, sai da ruwa ko iska ake tace su.

Takardar da na sayo ma teburinmu lamba 240 ce. Ta ɗalibin nan kuwa 36 ce. Ni na zo da aska, shi ya zo da gatari.

4. Hawa matakala

Kafinta ya ce aikin guga kamar hawan tsani ne. Kowace takarda aikinta ta share zanen da ta gabanta ta bari. Lamba 80 tana cire kaushi da tabo. Lamba 120 tana share zanen 80. Lamba 180 tana share zanen 120. In aka tsallaka daga 60 zuwa 220, ƙananan ƙwayoyin ba za su kai gindin babban zanen ba. Katako zai yi santsi a hannu, amma ranar da aka shafa masa man ƙyalli, zanen duka zai fito fili.

Yaya za a san lokacin sake takarda ya yi? Ga dabarar da ya nuna mana. Ya ɗauki fensir ya yi zane-zane bisa fuskar tebur duka. Ya goge har zanen fensir ya ɓace ko'ina. Inda fensir ya rage, wurin yana da kwari, ba a taɓa shi ba tukuna. Da ya ɓace duka, sai ya share gari sarai, ya sake zane, ya ɗauki lamba ta gaba. Share garin wajibi ne: ƙwaya ɗaya ta 80 da ta faɗi ta ɓuya tana iya ɓata aikin 180.

Abu na biyu, a bi tsawon itace. Ku tsaga karan dawa: a tsaye yana tsagewa da sauƙi, a gicciye sai an karya. Itace ma haka yake, zaruruwa ne a jere daga gindi zuwa sama. In an goge bisa tsawonsu, zanen yana ɓuya tsakaninsu. In an gicciya, an yanke su, zanen ya fito.

Abu na uku, a san wurin tsayawa. Katakon da za a shafa ma fenti, a tsaya kan 120 ko 150, don fenti yana son ɗan abin kamawa. Wanda za a shafa ma man ƙyalli, a kai 180 ko 220. Wuce haka ɓata lokaci ne da takarda.

5. Ƙwayoyi iri-iri

Lamba tana faɗin girman ƙwaya. Amma ƙwayar kanta da me aka yi ta? Iri 4 ne aka fi samu.

Ta farko ita ce alumina. Yawanci launinta ƙasa-ƙasa ne ko ja-ja. Ana samo ta daga wata jar ƙasa mai suna boksit, wadda ƙasar Gine take cikin manyan masu haƙo ta a duniya. Ana narka ta a tanderun lantarki mai zafin da ya wuce digiri 2000, ta daskare, a daka, a tankaɗe. Taurinta 9 ne. Ita ce ta kowa: itace da baƙin ƙarfe duka tana ci, kuɗinta kuma da sauƙi.

Ta biyu baƙa ce mai ƙyalƙyali, sunanta silikon kabaid. Wani Ba'amurke, Edward Acheson, ya gano hanyar yin ta a 1891. Ana yin ta da yashi da gawayi cikin wutar lantarki. Ta fi alumina tauri da kaifi, amma tana saurin farfashewa. Ita ce ta kwalba, da dutse, da fentin mota. Yawancin takardun da ake jiƙawa da ruwa da ita ake yin su.

Ta uku zirkoniya ce, sau da yawa shuɗiya ko tsanwa. Tana da wata baiwa: in an danna ta da ƙarfi, bakin ƙwayar yana ɓallewa, sabon kaifi ya fito. Ita ce ta masu walda. Ga hannu kawai ba ta nuna amfaninta, sai da inji.

Ta huɗu ana ce mata seramik. Ta fi sauran daɗewa a kan ƙarfe mai tauri, ta kuma fi su tsada. Manyan ma'aikatu ne suka fi sayen ta.

Ku lura: launi yana taimako, amma ba shaida ba ne, don kowane kamfani da launin da yake so. A karanta abin da aka rubuta a baya, ko a tambayi mai kanti.

Sai kuma yadda aka barbaɗa ƙwayoyin. A wata takarda sun rufe fuska duka, kamar gero da aka shanya da kauri. A wata kuwa an bar fili tsakaninsu, sun rufe rabi ko kashi 2 cikin 3 kawai. Mai cikakkiyar fuska ta fi kyau ga ƙarfe da itace mai tauri. Mai fili ta fi kyau ga itace mai taushi ko mai ƙaro, da tsohon fenti, don gari yana samun wurin fita, ba ta saurin toshewa.

6. Bel na inji

Tebur 6 da hannu aikin kwanaki ne. Saboda haka kafinta ya ɗora su a amalanke ya kai shagonsa, mu kuma muka bi shi ranar Alhamis muka gani.

Injinsa yana da gangare 2, ɗaya gaba, ɗaya baya. Bisa su aka ɗaura bel, watau ƙyalle mai ƙwayoyi da aka haɗa bakinsa biyu ya zama zobe. Lantarki yana juya gangaren baya, bel ya yi ta zagayawa. Irin wannan inji na hannu ya fara fitowa a Amurka a 1926. Bel ɗinsa yana gudun mita 200 zuwa 400 a minti ɗaya. Abin da hannu zai yi a yini, yana yin sa cikin ɗan lokaci. Ɓarnar da hannu zai yi a yini ma, yana yin ta kafin a ƙifta ido.

Mai sayen bel sai ya duba abu 5.

Na farko, awo. Ana rubuta faɗi da tsawo da milimetir, misali 75 x 457, ko 75 x 533, ko 100 x 610. In ya yi tsawo zai zame, in ya gajarta ba zai shiga ba. Wanda bai san awon injinsa ba, ya yanke tsohon bel ya shimfiɗa ya auna, ko ya zagaya gangaren biyu da igiya ya auna igiyar.

Na biyu, lamba. Na uku, irin ƙwaya. Waɗannan mun riga mun gani.

Na huɗu, ƙyallen baya. Harafin X yana nufin ƙyalle mai kauri da ƙarfi, na shimfiɗaɗɗen aiki. Harafin J yana nufin mai laushi da ke lanƙwasa, na abu mai zagaye.

Na biyar, mahaɗi. Nan ne raunin bel. In an aza baki ɗaya bisa ɗaya aka liƙe, za a ga kibiya a cikin bel. Dole a ɗaura shi ya bi inda kibiya ta nuna, in ba haka ba mahaɗin ya ɓalle. Danƙon mahaɗi yana tsufa, zafi da raɓa suna kashe shi. Bel da ya daɗe a rana gaban kanti yana iya tsinkewa tun minti na farko. Araha ba ta ado. A gida kuma a rataye shi a inuwa, nesa da ƙasa, musamman da damina.

Wata ɗaliba ta tambaya: "Baba, me ya sa ba ka danna injin?" Ya ce: "Ƴata, nauyinsa ya isa. In na danna, bel ya yi zafi, katako ya ƙone, inji ya wahala. Kuma ba na tsayawa wuri ɗaya, don in na tsaya zai haƙa rami."

Da bel ya toshe da gari, sai ya kanga masa guntun danƙo na tsohon takalmi yana juyawa, garin ya fita. Bel da ya tsinke ma bai yar ba. Ya tsaga shi tsawo-tsawo. Da irin wannan tsagi ake goge ƙotar hauya ko ƙafar kujera: a riƙe baki biyu, a ja dama, a ja hagu.

Inda babu lantarki fa? A naɗe takarda bisa guntun katako mai shimfiɗaɗɗiyar fuska, a goge da shi. Yatsu kaɗai suna bin kwari da tudu, ba sa daidaita fuska. Guntun katako kuwa tudu kawai yake ci.

7. Wane aiki, wace takarda?

Farin katako mai taushi, irin na silin da akwati: alumina mai fili, 80, 120, 180. Hannu da sauƙi.

Jan katako da itace mai tauri kamar maɗaci da ƙirya: alumina, a fara da 60 in fuskar ta lalace ƙwarai, sa'an nan 80, 120, 180.

Filawud, watau katakon da aka liƙa falle-falle: fallen sama sau da yawa bai kai milimetir 1 ba. Injin bel yana cinye shi nan da nan, danƙo ya bayyana. A goge da hannu, da 150 ko 180.

Allo da ƙwarya da ludayi: da hannu, 120, sa'an nan 180 ko 220.

Tsohon fenti: a kankare abin da ya kankaru tukuna, sa'an nan 40 ko 60 mai fili.

Baƙin ƙarfe, kamar ƙofa da taga da amalanke: a cire tsatsa da tudun walda da zirkoniya 36 zuwa 60, a gyara da 80 ko 120 kafin fenti.

Tukunyar alminiyom, irin wadda maƙeran fari suke zubawa: ƙarfen yana da taushi, yana liƙe ma ƙwayoyi. A shafa ma takarda ɗan kaki ko busasshen sabulu, a fara da 80 ko 120.

Bakin gilashi, da dutse, da fentin mota: baƙar takarda da ruwa, da hannu. Fentin mota yana son 400 zuwa sama. Ruwan yana wanke gari, yana kuma hana zafi.

Takardar da ta ci ƙarfe kada a mai da ta kan katako. Garin ƙarfe yana shiga itace, in ya ji raɓa ya bar baƙin tabo.

8. Hattara

Inji ba abin wasan yara ba ne. Mun tsaya nesa muka kalla. Ko babba ma akwai abin da zai kiyaye.

Ya cire wayar lantarki kafin ya sake bel. Ya naɗe hannun riga. Babbar riga da rawani da mayafi ba sa kusantar abin da ke juyawa. Ya danne katako da kyau, don bel yana iya harba ƙaramin guntu kamar kibiya. Kada ruwa ya haɗu da injin lantarki.

Ƙarfe yana fid da tartsatsi, garin katako kuwa yana kama wuta da sauri. A share inji da wurin aiki kafin a koma daga itace zuwa ƙarfe. Garin alminiyom ma yana ci da wuta, kada a bari ya taru inda ake gugar baƙin ƙarfe.

Babban abokin gaba shi ne wanda ba a gani, watau ƙura. Garin katako da ake shaƙa shekara da shekaru yana kawo tari da asma, likitoci kuma sun tabbatar yana iya kawo sankarar hanci. Garin dutse da yashi yana lalata huhu. Wani tsohon fenti yana da dalma a ciki, dalma kuwa guba ce, ta fi kuma cutar da ƙananan yara. A shekarar 2010, a jihar Zamfara ta Najeriya, maƙwabtanmu, yara fiye da 400 sun rasu saboda ƙurar dutsen zinariya mai dalma da ake niƙawa cikin gidaje. Saboda haka a yi guga a fili ko inda iska take wucewa, a rufe hanci da baki da abin rufewa na kirki, a sa tabarau, a wanke hannu kafin cin abinci. Kada a goge tsohon fenti kusa da jarirai ko inda ake girki. Rigakafi ya fi magani.

9. Me ya sa muka damu?

Ƙasarmu ba ta da manyan dazuzzuka. Katakon da kafintocin Maraɗi suke aiki da shi, yawancinsa daga kudu yake zuwa, ta Najeriya, cikin manyan motoci. Kowane falle ya yi doguwar tafiya, an biya kuɗi mai yawa a kansa. Itatuwan gonakinmu kuwa mun san wahalar da aka sha kafin su komo. Tun farkon shekarun 1980 manoman jihar Maraɗi suka fara sassaben zamani, suna barin tohon gawo da kalgo da sabara su girma cikin gona maimakon a sare su. Da wannan dabara aka rayar da wajen hekta miliyan 5 a Nijar. Itace yana shekaru kafin ya girma. Hannun da bai iya ba yana ɓata shi cikin minti ɗaya.

Daga kowane teburinmu, abin da kafinta ya cire bai wuce milimetir 1 ko 2 ba. Ya bi 60, 80, 120, 180, ya shafa mai. Teburin da aka gurza a gicciye shi ya fi ba shi wahala. Ranar Asabar amalanke ya komo da su. Iyaye suka toshe ɓular kwano da kuɗin da ya rage. Yarinyar nan ita ta fara shafa teburinta da tafin hannu, a hankali, sa'an nan ta aza littafinta.

Mu riƙe

Guga yanka ce. Abin guga sai ya fi abin da ake gogewa tauri.
Ƙaramar lamba kaushi, babbar lamba laushi.
A fara da mai kaushi, a ƙare da mai laushi, kada a yi dogon tsallake.
A bi tsawon itace.
Kowane abu da ƙwayar da ta dace da shi.
A kiyayi ƙura.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa 3 ne suka haɗu suka zama takardar yashi?
2. Tsakanin lamba 60 da lamba 150, wace ce ta fi kaushi? Don me?
3. Me ya sa takardar malam ba ta gyara tebur ba? Me ya sa ta ɗalibi ta ɓata shi?
4. Mai walda yana so ya cire tsatsa daga ƙofa. Wane bel za ku ce ya saya?
5. Me ya sa ba a sa injin bel bisa filawud?

Lissafi

1. Bel mai tsawon santimetir 50 yana gudun mita 300 a minti ɗaya. Sau nawa yake zagayawa a minti?
2. Kaurin katako milimetir 25 ne. An goge milimetir 2 a sama, milimetir 1 a ƙasa. Nawa ya rage?

Aikin hannu

Ku ɗebo yashi daga gulbi, ku wanke, ku shanya. Ku tankaɗe shi da rariya 2, mai manyan ƙofofi da mai ƙanana. Ku jiƙa ƙaro ya yi kauri, ku shafa bisa takardar buhun siminti guda 2. Ku barbaɗa babban yashi a ɗaya, ƙarami a ɗaya, ku bari su bushe a inuwa. Ku gwada su bisa guntun itace, sa'an nan ku gwada ta kanti. Za ku ga taku ba ta ci kamar ta kanti. Ku duba ƙwayoyin da kyau: ruwa da iska sun daɗe suna mirgina yashin gulbi har bakinsa ya dakushe, na kanti kuwa dakakke ne, kowace ƙwaya da kaifinta.

Bincike

Ku je wurin masassaƙi, ko maƙeri, ko mai ginin tukwane na garinku. Ku gaishe shi da ladabi, ku tambaye shi da me yake sa aikinsa santsi, da wane yake farawa, da wane yake ƙarewa. Ku rubuta sunayen kayan aikin da Hausa, ku zana su, ku kawo aji.